Tsuntsun Katako da Tsuntsun Dawa

A wata 'yar rumfa da ke daura da kasuwar Wunti, a cikin garin Bauchi, akwai wani dattijo mai zane. Ainihin sana'arsa ita ce rubuta allunan shaguna da yi wa manyan motoci ado, amma duk lokacin da aiki ya yi sauƙi sai ya ɗauko guntayen katako, ya goge su da samfefa, ya shafe su da farin fenti, sa'an nan ya zauna yana zana namun daji a kansu: giwa, da ɓauna, da gwanki, da tsuntsaye iri-iri. Masu sayen irin wannan kaya su ne baƙin da ke wucewa zuwa Yankari, da masu otal, da ma'aikatan da ke son abin ratayawa a ofis ko a falo.

Wata ranar Asabar na je wurinsa karɓar allon da makarantar unguwarmu ta ba shi aiki, ina tare da ɗan ƙanena, yaro mai shekara goma sha ɗaya. Muka tarar da katako biyu a jingine suna shan iska. A kan na farko akwai wani tsuntsu mai ƙaton kai da kakkauran baki, ƙirjinsa fari, fukafukansa masu ruwan ƙasa. A kan na biyu kuwa wani dogo ne mai baƙin jiki, kumatunsa fari da ja, ga tukku a kansa mai ruwan zinariya. Yaron ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya ce, "Baba, waɗannan tsuntsayen na wace ƙasa ne?"

Dattijon ya yi murmushi ya ce, "Wannan na farko, ɗana, ni ma ban taɓa ganinsa ba. Wata hajiya ce da ɗanta ke karatu a Ostireliya ta nuna mini hotonsa a waya, ta ce in zana mata. Wai kukabura sunansa. Na biyun kuwa ai namu ne. Gauraka ke nan."

Yaron ya ce, "To ina yake, Baba?"

Dattijon ya yi shiru, ya mai da burushinsa cikin gwangwani. Can sai ya ce rabonsa da ganin gauraka a fadama tun yana saurayi a ƙauyensu, kuma wanda ke kan katakon daga ƙwaƙwalwarsa ya zano shi.

Tun daga ranar nan tambayar yaron ba ta bar ni ba. A idonsa, tsuntsun Ostireliya da tsuntsun ƙasar Hausa duk baƙi ne, domin bai taɓa ganin ko ɗaya yana tashi ba. Wannan ne ya sa nake son mu tsaya tare da mai karatu mu yi nazarin wata tambaya: shin mutumin da ya adana surar wata halitta a bangon ɗakinsa, alhali ita halittar tana ƙarewa a bayan garinsa, ƙaunarta yake yi, ko kuwa kansa yake yaudara?

Zanen dabba ba baƙo ba ne a ƙasar nan

Kafin mu shiga cikin maganar, ya kamata mu kau da wani zato, wato cewa zana namun daji al'ada ce da Turawa suka kawo. A Geji, cikin ƙaramar hukumar Toro ta jihar Bauchi, akwai duwatsun da mutanen dā suka zana surorin dabbobi da na mutane a jikinsu. Haka kuma a Birnin Kudu ta jihar Jigawa, a Dutsen Habude da Dutsen Mesa, ga surorin shanu nan har yau a jikin dutse. Waɗanda suka yi su ba su bar mana sunayensu ba, amma sun bar mana shaidar cewa ɗan Adam na wannan yanki ya daɗe yana kallon dabba, yana jin wani abu game da ita wanda ya wuce cika ciki, har ya ga bai huta ba sai ya ajiye kamanninta a wurin da zai daɗe.

Wannan sha'awa ba ta mutu ba. Duk wanda ya bi hanyar Bauchi zuwa Jos ko zuwa Gombe ya ga manyan motoci masu bodin katako ɗauke da zanen zaki, ko mikiya ta buɗe fukafukai, ko damisa ta danne barewa. A harshenmu ma haka abin yake. Idan za a kambama sarki sai a kira shi zaki, ko giwa, ko toron giwa; Kano kuma tumbin giwa ce. Ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Wikki Tourists ta Bauchi da giwa ake yi mata laƙabi. Abubakar Imam, da ya tashi rubuta Magana Jari Ce, bakin aku ya ara ya zuba hikimarsa. Ashe ke nan mun cika bakinmu da allunanmu da namun daji. Abin tambaya shi ne ko dajinmu yana cike da su kamar yadda bakinmu yake.

Abin da magabata suka hango game da hoto

Masu tunani na dā ba su ɗauki hoto abin wasa ba. Aflatun, masanin falsafar Girka da ya rayu a birnin Atina kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.) da wajen shekara ɗari huɗu, ya yi wa masu zane kallon zargi. Ya kawo misali da gado. A ganinsa akwai ainihin ma'anar gado, sa'an nan akwai gadon da kafinta ya haɗa, wanda kwaikwayo ne na wannan ma'ana, sa'an nan akwai gadon da mai zane ya zana, wanda shi kuma kwaikwayon kwaikwayo ne. Kafinta dole ya san wani abu game da gado kafin ya haɗa shi, amma mai zane zai iya zana abin da bai san komai a kansa ba sai yadda yake bayyana ga ido, kuma yara da marasa lura su ɗauka gaskiya suka gani. Bahaushe ya taƙaita duk wannan cikin kalmomi kaɗan da ya ce kama da wane ba ta wane.

Malamanmu su ma sun yi magana mai tsawo a kan surar mai rai. A cikin ingantattun littattafan hadisi an ruwaito labarin wani mutum da ya je wurin Abdullahi ɗan Abbas (R.A.) ya shaida masa cewa da yin surori yake ci da iyalinsa. Ibn Abbas ya faɗa masa gargaɗin da ya ji daga Manzon Allah (S.A.W.), cewa za a nemi mai yin sura ya busa mata rai, kuma ba zai iya ba. Da ya ga hankalin mutumin ya tashi, sai ya nuna masa mafita, ya ce ya riƙa zana itatuwa da abubuwan da ba su da rai. Daga baya malaman fiƙihu sun yi bayani filla-filla. Malaman Malikiyya, waɗanda mazhabarsu ce ta fi yaɗuwa a ƙasar nan, sun bambanta tsakanin cikakkiyar sura mai inuwa, wadda suka haramta, da wadda aka zana a shimfiɗe a jikin bango ko takarda, wadda suka tsaya a kan karhanci a kanta. Wasu malaman kuma sun fi haka tsanantawa. Hukuncin wannan na ma'abota fatawa ne, kuma a wurinsu ya kamata mai zane ya nemi bayani.

Abin da ya shafi muƙalarmu shi ne darasin da ke ƙarƙashin gargaɗin. An tuna wa ɗan Adam iyakarsa: yana iya kwaikwayon launi da siffa, amma rai ba nasa ba ne. To idan rai yana da wannan daraja, har ana jan kunnen wanda ya kwaikwayi surarsa kawai, ina ga wanda ya salwantar da shi a banza? An ruwaito cewa wanda ya kashe ko da ɗan ƙaramin tsuntsu ne ba bisa hakki ba za a tambaye shi. Aya ta 38 ta Suratul An'ami kuma ta sanar da mu cewa dabbobin da ke tafiya a ƙasa da tsuntsayen da ke tashi da fukafukansu al'ummomi ne kamarmu. Abin mamaki shi ne, sau da yawa za ka tarar muna musu mai zafi a kan halaccin gaurakan katako, amma ba wanda ya tambayi abin da ya sami gaurakan fadama.

Darasin burtu

Maharban ƙasar Hausa suna da wata tsohuwar dabara da za ta taimaka mana wajen fahimtar ikon da sura take da shi. Burtu babban tsuntsu ne baƙi mai dogon baki, wanda ya fi son tafiya a ƙasa yana kiwo cikin ciyawa, kuma namun daji sun saba da shi, ba sa gudunsa. Sai maharbi ya sassaƙa itace mai lanƙwasa kamar wuyan burtu, ya rufe shi da fata, ya kafa masa bakin burtu na gaske, ya ɗaura a goshinsa. Ya lulluɓa da baƙin tsumma, ya duƙa yana rarrafe yana kaɗa kai kamar tsuntsu mai tsintar ƙwari, har ya matso kusa da barewa ko gada. Ita dabbar ta ɗaga kai ta ga abin da ta saba gani, hankalinta ya kwanta, ta ci gaba da kiwo. Kwanciyar hankalin nan ita ce ajalinta.

Ina ganin hoton namun daji yana iya zame mana irin wannan burtu, sai dai a nan mu ne barewar. Muna ganin giwa a jikin mota, zaki a kalanda, gauraka a bangon falo, sai zuciyarmu ta natsu cewa komai yana nan yadda muka gada. Sura ta tsaya a gurbin mai surar, mu kuwa ba mu lura da ranar da aka yi musanyar ba. Wannan shi ne ungulu da kan zabo.

Tarihin wasu ƙasashe ya ishe mu ishara. A Amurka an yi wani shahararren mai zanen tsuntsaye, John James Audubon, wanda ya fitar da zane 435 tsakanin 1827 da 1838. Yadda yake aikinsa shi ne ya harbe tsuntsu, ya kafe shi da waya a jikin katako cikin siffar mai rai, sa'an nan ya zana. Cikin abubuwan da ya zana akwai wata irin tattabarar daji wadda a zamaninsa garkenta kan rufe rana saboda yawa. Mutane suka yi ta harbinta suna loda wa jiragen ƙasa zuwa kasuwannin birane, ana kuma sare dazuzzukan da take sheƙa a ciki, har ta ƙare ƙaf. Ta ƙarshe ta mutu a gidan namun dajin Cincinnati a 1914. Zanen Audubon yana nan, ana sayen littafinsa da miliyoyin daloli, amma duk kuɗin duniya ba zai sa ɗaya daga cikin tattabarun nan ta sake kaɗa fiffike ba. Haka kuma a tsibirin Morishus an yi wani tsuntsu marar tashi da Turawa suka kira dodo, ba dodon tatsuniyarmu ba. Jiragen Holan sun isa tsibirin a 1598, kuma kafin ƙarni na 17 ya ƙare babu sauran ko ɗaya. Yau surarsa tana kan tambarin ƙasar.

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Gauraka shi ne ake kira tsuntsun ƙasa na Nijeriya, amma ya yi ƙarancin da ganinsa a dajin ƙasar nan ya zama labari, saboda bushewar fadamu da mai da su gonaki, da kuma kama shi da ake yi ana sayar wa masu son ajiye shi a tsakar gida don ado. Ungulu, wadda iyayenmu suka saba gani jere a kan rufin kowace mahauta har suka ce ba ta jewar banza, tun 2015 ƙungiyar IUCN mai lura da halittun duniya ta sa ta cikin jerin waɗanda ke dab da ƙarewa, kuma cikin manyan dalilai akwai guba da cinikin sassan jikinta don tsibbu. Ina roƙon ɗalibi mai karanta wannan ya tambayi kansa yaushe rabonsa da ganin ungulu tana jewa a sararin garinsu.

Ko Yankari da muke tutiya da ita tana da nata rashin. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, ya zama gandun daji na tarayya a 1991, sa'an nan ya koma hannun gwamnatin jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne, an ƙidaya tsuntsaye fiye da iri 350 a cikinsa, kuma a nan ne ɗaya daga cikin manyan garkunan giwayen da suka rage a Nijeriya yake. Amma raƙumin dawa, wanda masu zane ba sa gajiya da zanawa, ya daɗe da ɓacewa daga Yankari. Waɗanda aka kai gandun Sumu a ƙaramar hukumar Ganjuwa daga ƙasar Namibiya aka kawo su a 2006. Wato sai da muka yi aro daga kudancin Afirka kafin 'ya'yanmu su ga dabbar da sunanta ke cikin harshensu.

Akwai kuma maganar shi kansa katakon. Allon da aka zana tsuntsu a kansa dā itace ne tsaye, wataƙila ma da sheƙa a reshensa. Maɗaci da kirya da madobiya duk suna raguwa, wasu don katako, wasu don gawayi. Madobiya ta sha sara a Afirka ta Yamma saboda kasuwar Sin, har taron yarjejeniyar CITES da aka yi a Johannesburg a 2016 ya sanya wa cinikinta takunkumi, a taron da aka haramta cinikin akun daji tsakanin ƙasashe. Idan aka sare gidan tsuntsu don a sami wurin zana tsuntsu, ai an yi tufka da warwara.

Hoto a matsayin shaida

Duk da haka, zalunci ne a ɗora wa mai zane laifin da ba nasa ba. Dattijon Wunti bai busar da fadama ba, bai sa wa ungulu guba ba. Hasali ma, ba don katakonsa ba, da ɗan ƙanena bai san an taɓa yin wani abu wai shi gauraka ba, balle ya tambayi inda yake. Wanda bai san yana da abu ba, ba zai san ya yi hasararsa ba. Ashe sura, wadda ke iya zama burtu, tana kuma iya zama shaida, mai tsayawa ta ce akwai wani abu a nan dā, ku neme shi.

Akwai wata fa'ida kuma da ke cikin aikin zane, wadda Aflatun bai ba ta hakkinta ba. Wanda zai zana tsuntsu da kyau dole ya kalle shi kallo na haƙiƙa: yadda yake ɗaga ƙafa, inda launi ya sauya a fiffike, yadda yake karkata kai idan ya ji motsi. Yawancinmu gani muke yi, ba ma kallo. Belbela na bin shanu a gabanmu kullum, shamuwa na zuwa da damina ta koma da kaka, amma kaɗan ne cikinmu za su iya faɗin launin ƙafarsu. Dattijon nan ya riƙe kamannin gauraka a zuciyarsa shekaru masu yawa domin ya taɓa tsayawa ya kalle shi da girmamawa. Irin wannan kallo shi ne mafarin tausayi, kuma da wuya mutum ya wulaƙanta abin da ya daɗe yana kallo.

A nan ne katakon farko yake da abin koya mana. Kukabura na cikin manya a dangin tsuntsayen nan masu kamun kifi, ko da yake shi ƙwari da ƙadangaru da ƙananan macizai ya fi ci, kuma an san shi da kukansa mai kama da ƙyalƙyala dariyar mutum. Mutanen Ostireliya suna zana shi a katako da kofuna da riguna, suna buga surarsa a kuɗin azurfa tun 1990, kuma yana cikin dabbobi uku da suka zaɓa su zama alamar wasannin Olamfik na Sidni a 2000. Amma yaron can da ya ga zanen, idan gari ya waye zai iya jin kukan tsuntsun daga itacen bayan gidansu. A wurinsa zanen manuni ne zuwa ga maƙwabci mai rai. A wurin ɗan ƙanena kuwa zanen gauraka ya kusa zama dutsen kabari. Fenti ɗaya ne, hannu ɗaya ne ya zana su, kuma bambancinsu yana can waje, a cikin abin da al'umma ta yi da dajinta. Ba ina nufin mutanen can ba su da nasu laifin ba ne, domin su ma sun rasa dabbobi da dama tun zuwan Turawa ƙasar. Abin nufi shi ne darajar hoto tana rataye ne a kan makomar mai hoton.

Hanzarin mai gardama

Na san wani zai ce wannan duk zancen ƙoshi ne. Zai ce manomin da ke maƙwabtaka da Yankari, wanda giwaye suka tattake masa dawa da masara a dare ɗaya, ba ya ganin giwa yadda mai falo yake ganinta. Zai ce matar da ba ta da kuɗin gas ko kananzir dole ta dafa wa 'ya'yanta tuwo da itace ko gawayi, kuma saurayin da ba shi da aiki ba zai bar tsuntsun da za a saya da tsada ya tashi ba. Wannan magana gaskiya ce, kuma duk wanda ya raina ta bai san yunwa ba.

Sai dai ita wannan hujja, idan aka bi ta a hankali, ƙara wa mai falo nauyi take yi. Idan manomi ne ke biyan kuɗin zaman giwa da amfanin gonarsa, mu kuma muna more sunanta a kirari da surarta a bango, to mun ci bashin da wani ke biya. Adalci shi ne wanda ya more ya ɗauki rabonsa na ɗawainiya. Kuma sau da yawa ba talaka ne ke buɗe kasuwar ba. Mai kama gauraka yana kamawa ne domin akwai attajirin da ke son ganinsa yana yawo a farfajiyar gidansa. Mai kashe ungulu yana kashewa ne domin akwai mai neman mulki ko dukiya da aka ce ya kawo kanta. Masu iya magana sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Mu masu saye da ratayawa ya kamata karin maganar nan ta fi tsorata.

Kada kuma a ce bakin alƙalami ya bushe. A yankin Kure na Jamhuriyar Nijar, gabas da Yamai, raƙuman dawan Afirka ta Yamma sun ragu har suka koma kimanin hamsin a tsakiyar shekarun 1990. Da hukuma da mutanen ƙauyuka da ƙungiyoyi suka haɗa kai, aka hana farautarsu, aka kuma nemi hanyar da manoma za su amfana da zamansu, sai ga shi sun haura ɗari shida kafin 2020. Su ma mutanen can talakawa ne masu noman gero da wake kamar namu.

Hakkin da ke kan mai zane da mai ratayawa

Amsar da na tsaya a kanta ita ce, ratayar surar halitta ba ƙauna ba ce, ba kuma yaudara ba ce, sai an ga abin da ya biyo baya. Alkawari ne. Wanda ya ɗauki kamannin wata halitta ya ƙawata ɗakinsa, ko motarsa, ko waƙarsa, ya karɓi wani abu daga gare ta ba tare da ya tambaye ta ba, don haka akwai hakkinta a wuyansa. In ya biya, hoton ya zama shaida gare shi. In ya ƙi, hoton ya zama shaida a kansa.

Biyan wannan hakki ba ya bukatar mutum ya zama gwamna ko ma'aikacin gandun daji. Mai zane zai iya fifita tsuntsayen ƙasarsa, ya rubuta sunansu na Hausa a ƙasan allo, domin kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma suna idan ya ɓata daga baki, mai sunan ya fi saurin ɓata daga daji. Zai iya yin aiki da guntayen katakon da kafintoci suka zubar, kamar yadda dattijon Wunti yake yi. Mai saye kuma zai iya ƙin sayen tsuntsun daji mai rai don keji, da ƙin karɓar maganin da aka haɗa da kan ungulu, ya kuma kai iyalinsa Yankari su biya kuɗin shiga, su ga abin da idonsu, tunda gani ya kori ji. Limami zai iya tuna wa jama'a a huɗuba cewa dabbobi ma amana ce.

Mu kuma ɗalibai da malaman Hausa namu nauyin ya fi kusa da hannu. Mu ma masu zane ne, sai dai da kalmomi muke namu. Muna nazarin tatsuniyoyin gizo da kura da zaki, muna sharhin kirarin maharba, muna koyar da karin magana mai ambaton jimina da hasbiya da cilakowa. In ba mu yi hattara ba, nan gaba kaɗan malami zai riƙa yi wa ɗalibai bayanin ungulu kamar yadda yake bayanin dodo. Ɗalibin da ke neman batun kundin digiri zai iya komawa ƙauyensu ya zauna da tsofaffin maharba da makiyaya, ya tattara sunayen tsuntsaye da halayensu da lokutan zuwansu, ya kuma rubuta waɗanda aka daina gani da shekarun da aka daina ganinsu. Wannan aiki ne na harshe, kuma aiki ne na ceto.

Kammalawa

A ranar nan ban bar rumfar hannu wofi ba. Na sayi katakon gaurakan, na roƙi dattijon ya rubuta sunan a ƙasa da baƙin fenti, ya rubuta. Yana miƙo mini ya ce, "Malam, in Allah ya sa kuka gan shi a wani wuri, ku zo ku faɗa mini." Na ce masa in sha Allahu.

Katakon yana nan rataye a ɗakin karatuna. Duk lokacin da ɗan ƙanena ya zo gidan sai ya tsaya a gabansa, kuma bai daina tambayata yaushe za mu je neman na gaske ba. Na yi masa alkawarin za mu fara da Yankari idan an yi hutun rani, mu zauna a bakin kogin Gaji da sassafe, mu ga tsuntsayen da Allah ya nufe mu da gani, shi yana faɗin launinsu ni ina rubuta sunayensu. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar da ya ɗora mana, amin.